Mama a Tsakiya

Duk hotunan gidanmu babu wanda Mama ta fito cikakkiya. Kullum tana can gefe, rabin kafaɗa, ƙafa ɗaya ta riga ta nufi kicin. Ni kuwa aiki zai kai ni nesa, na kuma rantse ba zan tafi ba sai da fuskarta a jakata.

Baba tsohon mai hoto ne. Da ya rufe shago ya rabu da komai, ban da wani ɗan gilashin kyamara na zamanin fim, bai fi murfin kwalba ba, wanda da hannu ake murza shi har hoto ya fito tas. Na sayo adafta, wato ɗan zoben haɗi, na ɗaura gilashin a sabuwar kyamarata, irin ta zamanin nan mai ganin ƙwaƙwaf, ko ƙurar kan hula ba ta bari.

Muka jeru a falo, ni da Baba da Yaya da matarsa. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta, na saita ta ɗauka da kanta, na rugo. Mama, kamar yadda ta saba, ta maƙale kusa da labule.

Da na buɗe hoton a kwamfuta, sai dariya ta ɓarke. Baba a tsakiya, kana iya ƙirga furfurarsa. Mama kuwa a gefe ta dame, fuskarta ta yi wani ja-ja mai shuɗi-shuɗi kamar zanin da ya zuba a wanki. Haka tsohon gilashin nan yake yi wa sababbin kyamarori: tsakiya lafiya lau, gefe sai a hankali.

"Ni ce wannan?" in ji Mama. "Goge shi maza, kar wani ya gani!"

Na buɗe baki zan ce ai kwamfuta tana rage launin, sai Baba ya taka mini ƙafa.

"Ba ya gyaruwa," ya ce, fuska ba ko alamar wasa. "Duk wanda ya tsaya a gefe, haka zai fito."

"To a ɗauka ban da ni."

"In babu ke, ni ma na fasa."

Ta harare shi, ta yi tsaki, ta shige ɗaki. Na ce a raina shi ke nan, mun ɓata rawarmu. Can sai ga ta da sabon ɗankwali, har da kwalli. Ta zauna a kujerar tsakiya tana mita.

"To gefen fa, wa zai tsaya?" in ji Yaya.

"Ni mana," in ji Baba. "Na daɗe ina son wannan launin."

Hoton yana bangon ɗakina yanzu. Baba a gefe, ya dame, ya yi jajir, sai haƙora. Mama kuwa ta fito tas, tana ƙoƙarin danne dariya, idonta ba a kan kyamara ba, a kansa. Duk ranar da kewa ta kama ni, nan nake tsayawa.