Kibiyar Famfon Mai

Tsohon direban jirgin ruwa ya zare tiyon mai daga jikin inji, tiyon ya karye a hannunsa kamar busasshen kara. Fetur ya cinye shi ta ciki. Fasinjoji goma sha biyu suna zaune da kayansu, rana na dukansu. Mai jirgin yana tsaye a gaɓa, hannu a aljihu. Tun watan jiya yake cewa idon tsoho ya tafi, ba zai ci gaba da ba shi rayukan mutane ba. Tsoho ya ce ƙarya ne.

Ya yanka sabon tiyo gida biyu, ya tsoma bakunansu a ruwan zafi suka yi laushi. Ɗaya ya cusa a tanki, ɗaya a inji. Saura famfon roba da ake sa wa a tsakani, wanda ake matsawa mai ya hau. Famfon yana da kibiya, dole ta kalli inji. A tsofaffin famfuna kibiyar tudu gare ta, babban yatsa ke karanta ta. Ya shafa wannan sabon gaba da baya. Sumul. Da fenti aka zana ta.

Bai tambayi kowa ba. Ya yi canke, ya ɗaure da waya, ya murɗe da filaya.

Ya matsa famfo, bai yi tauri ba. Ya ja igiya sau bakwai, inji ya yi tari ya yi shiru.

"Baba, ko mu sauka mu tura?" in ji wani fasinja. Aka kwashe da dariya.

"Fara da tura bakinka," in ji tsoho.

Ya san abin da ya faru. Amma in ya kwance ya juya, mai jirgin zai tambayi dalili. Sai ya cire fulogi, ya hura, ya goge da bakin riga, ya mayar. Gumi na ɗiga a kan murfin inji.

'Yarsa mai sayar da kifi a gaɓar ta sauko da kofin ruwa. Ta durƙusa kusa da shi, ta rage murya.

"Baba, kibiyar tanki take kallo."

"Na gani."

"To, bari in..."

"Na ce na gani."

Ya kwance wayar, ya juya famfon. Matsa uku ya yi tauri. Ja ɗaya inji ya kama.

Mai jirgin ya riga ya shigo, ya tsallake buhuna, ya dafa sandar tuƙi.

"Sannu da aiki, Baba. Koma gaba ka sha iska."

Tsoho ya miƙe. Ya bi gefen jirgi da hannu har ya sami wuri tsakanin mata biyu. Ɗaya ta ɗora masa kwandon kaji a cinya.

"Riƙe mini, Baba, tunda hannunka ba komai."

Ya riƙe.