Layin Masu Jinya

Idan layi ya zo kan Malama, ludayin Goggo sau biyu yake nutsawa cikin tukunya. Na farko hakkinta ne. Na biyun kuwa Goggo takan zuba shi tana kallon wani gefe, kamar hannun ba nata ba.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Goggo."

"Ta ɗan taɓa abinci jiya?"

"Kaɗan."

"Kaɗan ɗin ma rahama ce. Matsa, 'yata, na baya na jira."

Layi biyu ake yi a ɗakin cin abincin asibitin. Na dama na ma'aikata ne da masu wucewa. Na hagu na masu jinya, waɗanda ke kwana a kan kwali a gindin gadon wani nasu, kuma rabin kuɗi ake karɓa a hannunsu. Ba a tambayar shaida. Goggo, wadda ta tsufa a bakin tukwanen nan, ta ce mai jinya ba ya ɓuya ko da ya yi wanka da turare.

Malama ba ta jinyar kowa. A ƙaramar makarantar da ke bayan katangar asibitin take koyarwa, inda albashi yake zuwa kamar baƙon da bai faɗi rana ba. Ranar da ta fara shigowa, layin hagu ta bi don ya fi gajarta. Idanunta sun yi ja saboda ƙurar alli da rashin karin kumallo. Sai da aka cika mata faranti da shinkafa da wake, sannan Goggo ta dube ta ta ce, "Sannu. Wa ke kwance?"

Akwai mutane a bayanta, ga farantin ya riga ya yi ɗumi a tafinta. Kafin ta yi shawara da zuciyarta, bakinta ya ce, "Mamata."

Mamarta ta yi shekaru a kabari, a wani gari mai nisa.

Ta yi niyyar gyara maganar washegari, washegarin kuma ta bar wa jibi. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda amsoshin suke zuwa mata ba wahala. Ba ta ƙirƙiri komai ba. Ciwon mahaifiyarta na gaske ta riƙa gutsuro wa Goggo: kumburin ƙafa, tarin da ke tashi da yamma, yadda take sa a juya mata matashi ta ɓangaren da ya fi sanyi. A teburin masu jinya aka matsa mata wuri. Wata mai jinyar miji ta koya mata jiƙa tawul da ruwan ɗumi a naɗe ƙafar da ta kumbura. Malama ta yi godiya, ta koma aji tana jin kamar akwai wadda za ta je ta yi wa hakan.

Wata rana da tsakar rana, tana miƙa faranti, sai ta ga Goggo na kwance ɗamarar girkinta.

"Yau dai sai na ga Mama da idona. Kullum aiken gaisuwa kamar gurguwa. Zumunci a ƙafa yake." Ta ɗauko wani kwano mai murfi daga ƙarƙashin teburin rabon abinci. "Romon kaza ne, na gidana, ba na nan ba."

"Barci take yi yanzu, Goggo."

"Sai in yi mata addu'a a kanta in fito."

"Nas-nas ba sa bari a wannan lokacin."

"Wace nas? Duk ludayin nan ne ya raine su. Wuce mu je."

Gwiwoyin Goggo ba sa son bene, don haka a hankali suka hau, tana dafa ƙarfe tana ambaton Allah. A kowace kwanar benen Malama takan ce a ranta, a nan zan faɗa mata. Sai ta dubi kwanon da ke hannunta, an goge murfinsa har yana ƙyalli, maganar ta koma ciki. Komawa layin dama, ko komawa wuni da yunwa, duk za ta iya. Fuskar da Goggo za ta yi ce ba ta san inda za ta sa ba.

Ɗakin mata dogo ne, gadaje hagu da dama. Kowane gado da nasa: wata na fifita, wata na ɓare lemo, filas da ledoji sun cika kan akwatunan gefe. Malama ta yi ta tafiya don ba ta san yadda ake tsayawa ba, har bango ya tare ta. A gadon ƙarshe wata tsohuwa ce kwance, furfurarta ta cukurkuɗe, tana kallon fankar da ba ta juyawa. Babu komai a kan akwatinta sai kofin roba.

"Mama," in ji Malama, muryarta da ƙyar ta fito. "Ga Goggo ta kicin ta zo duba ki."

Tsohuwar ta juyo da kai. Ta dubi Malama, ta dubi kwanon, ta dubi Goggo da ke haki, ta sake dawowa kan Malama ta daɗe a nan.

"Sai yanzu kika ga dama?" ta ce. "To tsaye za ki bar baƙuwa? Jawo mata kujera. Haka na koya miki?"

Goggo ta zauna, aka gaisa, aka yi ya jiki.

"Kin yi dacen 'ya, Baaba. Ba ta da zance sai naki."

"Me take cewa?"

"Wai ba kya cin abinci."

"Wannan da ake turo mana a keke? Wanda ya dafa shi, Allah ya yafe masa."

Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ba hannuna ba ne, wallahi. Na marasa lafiya ɓangarensu daban, likita ya hana su gishiri."

Dariyar ce ta jawo wata nas mai tura keken magani. Ta tsaya, ta kama ƙugu, ta ƙare wa Malama kallo.

"Au, Baaba, ashe kina da 'ya? Ke kuma ina kika shiga tun da aka kawo ta? Ko sabulu mu muke haɗa mata."

Malama ta ji idon Goggo a gefen fuskarta. Ta ƙura wa ƙafar gadon ido.

"Da sassafe take zuwa," in ji tsohuwar, "lokacin da kike gyangyaɗi a kan tebur, baki a buɗe. Ni na hana ta tashe ki."

Matar gadon kusa ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta. Nas ta ja tsaki, ta tura kekenta gaba.

Goggo ba ta yi dariya ba a wannan karon. Ta dubi akwatin da kofin roba shi kaɗai, ta dubi ƙafafun tsohuwar, sirara kamar kara, babu alamar kumburi. Ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Allah ya ƙara sauƙi, Baaba." A bakin gadon ta tsaya kusa da Malama, ba ta ɗaga murya ba. "Ki ba ta a baki, hannunta na rawa. Kwanon kuma ki sauko min da shi gobe in sake cikawa."

Sai da takun silifas ɗinta ya ɓace, Malama ta ce, "Baaba, ki yi haƙuri. Ni..."

"Romon zai huce."

Malama ta tallafo ta, ta jingina ta da matashi. Tsohuwar ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta sha cokali ɗaya, ta lumshe ido, ta sha na biyu.

"Taki ta rasu ko?"

"Ta rasu."

"Na sani. Mai uwa ba ta kiran sunan a hankali haka, kamar zai fashe." Ta lashe leɓe. "Ni ɗa namiji gare ni. Yana can, aiki ya yi masa yawa."

Daga bayan katanga aka kaɗa ƙararrawar komawa aji. Malama ta ji ta sarai. Ta hura cokalin, ta kai bakin tsohuwar.

"Gobe ki zo da mataji," in ji tsohuwar bayan ta haɗiye. "Mai manyan haƙora. Ƙananan nan karyewa suke yi a kaina."