Ƙwaƙwalwa ta Uku

Ranar da aka jawo mini a-kori-kurar kamfanin ƙwai karo na uku, ko bonet ban buɗe ba na san abin da zan tarar. Na jona kwamfutata, ta yi ta lalube ba ta ji komai ba. Ƙwaƙwalwar injin ce, wannan ɗan akwatin da ke gaya wa injin dizal yawan man da zai sha da lokacin da zai sha shi. Na kwance ta na shinshina: ƙauri. Ta uku kenan cikin wata biyar, a motoci biyu.

Ni mai gyaran wayar mota ne, kuma ina da baki, ban musa ba. Da ta farko ta ƙone na ce kayan yanzu ne ba su da aminci. A ta biyu na zagi mai sayar da kayan gyara har sai da ya kashe waya. A ta uku ban sami wanda zan zaga ba, sai Manajan kamfanin ya samo mini.

"Direban ne," in ji shi, yana tsaye nesa da motar don kada mai ya taɓa masa riga. "Duka ukun a hannunsa suka mutu. Ko ruwa yake shiga da su, ko yana tayar da motar wasu da batirinmu. Ka rubuto mini dalili zuwa jibi. In shi ne, ya ajiye makulli."

Direban muna kiransa Jirgi, don zolaya, saboda hawainiya ma ta fi shi sauri. Mutumin da ke ɗaukar ƙwai shekara tara bai taɓa fasa kiret ɗaya ba, shi ne wai mai ganganci. Yana zaune a kan tsohuwar taya, hula a gwiwa. Sai da Manaja ya tafi sannan Jirgi ya ce, "Maigida, ka duba da kyau. 'Ya'yana huɗu."

Na duba da kyau. Na auna cajin batir, daidai yake. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta goge. Babu alamar ruwa ko'ina. Sai can ƙasan bamba, ƙarfen kariyar gaban mota, na ga wasu 'yan tabo, ƙarfe ya yi baƙi an kankare fenti, irin wurin da masu walda ke maƙala wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Na bi siririyar wayar da ta haɗa jikin mota da inji, na tarar robarta ta narke ta manne.

"Jirgi, wa ya yi walda a motar nan?"

"Baba mana. Shekaranjiya ya ɗinke ƙarfen da ke riƙe kiret a baya. Ai kai ka ce in riƙa kai masa."

Baba mahaifina ne. Shekara arba'in yana walda, kuma rumfarsa na jikin garejina, katangar langa-langa ce kawai tsakaninmu. Tun da idonsa ya fara rauni masu kawo aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ni na roƙi kamfanin su bar masa gyaran ƙarafan bayan motocinsu, don ya sami dalilin fitowa da safe. Motocin nan biyu su ne aikin da ya rage masa a duniya.

Na tambayi Jirgi ranakun da ya kai walda. Kowace walda, kwana ɗaya ko biyu, sai ƙwaƙwalwa ta tafi.

Duk da haka na so in gani da idona. Washegari ɗaya motar ta zo, ƙarfenta ya tsage, na tsaya bakin rumfa kamar mai shan iska. Baba ya sa aka shigo da ita da gaba, don wayarsa ta komawar wuta gajera ce, ta sha yanka da ɗori. Ya maƙala ta a bamban gaba, ya ja doguwar wayar walda zuwa baya. Batir na nan a jone. Wato wutar walda za ta ratsa motar tun daga wutsiya har hanci, ta bi duk wayar da ta samu a hanya. A motocin zamaninsa, da babu komai cikinsu sai ƙarfe da fitila, haka ya yi dubu bai ɓata ko ɗaya ba.

Na kashe injin waldar kafin ya fara ɗinkin.

"Lafiya?" ya ce, ya ɗage gilashin fuskarsa.

Ni da ba na rasa magana, sai na tsinci kaina ina kame-kame. Na ce wai ina son duba wani abu. A raina na riga na shirya: zan rubuta wa Manaja cewa ni na yi kuskuren haɗi. Zai yi faɗa, ƙila ya janye motocin daga hannuna na ɗan lokaci, amma Jirgi ya tsira, Baba kuma bai ji komai ba.

Sai dai ba a yi wa wanda ya haife ka irin wannan dabarar. Ya dubi wayar waldarsa, ya dubi fuskata.

"Abin nan da ke ƙonewa. Ni ne?"

Na kai shi gaban motar da ta mutu, na ɗora yatsansa a kan robar da ta narke, tunda ido ba zai nuna masa ba. Ya daɗe yana shafawa.

"Duka ukun?"

"Duka, Baba. Amma ni zan ce..."

"Ba za ka ce komai ba. A kori bawan Allah, ko ka ɗauki laifin da ba naka ba, ina zaune? Ɗauko makulli ka kai ni."

Ya wanke hannu da fuska, muka tafi. A ofishin Manaja ya ƙi zama. Ya yi bayani a tsaye, tiryan-tiryan, ba tare da ya nemi uzuri ba. Manaja ya ji nauyinsa, ya yi magana a hankali: Jirgi zai ci gaba da aikinsa, amma waldar za ta koma wani wuri. Baba ya ce hakan daidai ne, shi ma da shi ne haka zai yi.

A hanyar dawowa babu wanda ya yi magana. Ina jin haushin kaina, don wata biyar ina zagin mutane, bai taɓa zuwa mini ba in leƙa bayan katangata in gaya wa tsoho abin da kowane mai irin sana'ata ya sani: a cire batir kafin walda, a maƙala wayar kusa da wurin ɗinki. Tausayinsa kuma ya hana ni kallonsa.

Da muka iso bai shiga rumfarsa ba. Ya tsaya jikin motar da ta mutu, ya ce in buɗe bonet.

"Nuna mini. Wane kan batir ake fara cirewa?"

Na nuna masa. Ya karɓi sifana ya kwance da kansa, ya mayar, ya sake kwancewa, yana tambayar inda ya kamata a maƙala wayar. Na amsa masa duka, ɗaya bayan ɗaya, alhali ni da shi mun san babu motar da za ta sake shigowa rumfar.