Kanofin Monday

Ranar da aka binne mijin Damaris, rana ta buɗe kamar za ta fasa kai. Dangi daga ƙauye suka cika ƙofar gidanta a Sabon Tasha, tsofaffi a tsugune gindin katanga, fasto na wa'azi gumi na ɗiga daga haɓarsa. Rumfar kanofi da kujerun da Monday mai ba da haya ya yi alkawari ba su zo ba. Ashe wani ɗan siyasa ya kai wa.

Da Monday ya zo gaisuwa, sai ya sosa ƙeya. "Mama, sori fa. Disafoyin aka samu."

Damaris ta san kalmar. Tela na faɗinta ranar jajibirin Kirsimeti, makaniki na faɗinta kullum. Turanci ne mai laushi: ka sa rai, an watsa maka ƙasa a ido, amma a bakin mai faɗi ba ta fi tuntuɓe nauyi ba. Matan zumuntar coci suka ce ta yafe, ai Kirista ce. Ta ce ta ji. Ita dai ba ta ga wanda ya roƙi gafara ba, balle ta ba shi.

Bayan damina wani dattijo ya yi sallama. Daga Unguwar Boro yake, kawun Hope ne, yarinyar da Monday ke nema da aure. An aiko shi bincike, kuma duk layin an ce masa Mama Damaris ba ta ƙarya.

Ta zuba masa kunu mai sanyi, ta gyara zama.

"Mama, yana sha?"

"Ko kusa."

"Faɗa fa? Mata?"

"Ban taɓa ji ba, Baba."

Dattijo ya saki fuska. "To, da 'yarki ce, za ki ba shi?"

"Zai riƙe ta da kyau," in ji Damaris, "har ranar da ya hango inda ya fi maiƙo." Sannan ta ba shi labarin jana'izar tiryan-tiryan, ba ƙari ba ragi, har da wata tsohuwa da ta suma saboda zafin rana.

Dattijo ya ajiye kofin, ya nemi takalmansa.

Ran Lahadi, a hanyarta ta zuwa coci, ta ga ana sauke kiret-kiret na lemo daga Keke Napep a ƙofar shagon Monday, kayan gaisuwar da ya kai gidan su Hope ne aka dawo masa da su. Yana tsaye, baki buɗe.

"Monday ɗana, ina kwana?" ta ce, ta gyara ɗaurin kallabi ta wuce.