Wayar da Aka Ja Zuwa Madafin Uwani

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Kaka, ga mu mun matso.

To, wannan ba ta dariya ba ce, sai ku gyara zama.

An yi wani mutum, Naziru, mutumin Yargalma. Shekarar da gubar dalma ta faɗa wa garin, lokacin da ake shigo da duwatsun zinari cikin gidaje mata na dakawa, ya binne 'ya'yansa maza biyu. Ta ukun, Muhsina, Allah ya bar ta, amma gubar ta taɓa mata kai. Ta taso ba ta magana, ba ta san wuta na ƙuna ba, ba ta san ruwa na cin mutum ba. Uwarta Zinatu ma ba ta daɗe ba, ta rasu wurin haihuwa. Sai riƙon yarinya ya koma hannun Inna, mahaifiyar Naziru, tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Naziru bai sake taɓa dutse ba. Ya kwashe su zuwa Gummi, ya kama fataucin shinkafa, yau Jega gobe Sakkwato, Allah kuma ya buɗa masa. Da shekaru suka ɗan ja, ya sayi fili a bakin gari ta wajen hanyar fadama, ya tayar da gidan bulo da katanga doguwa. Maƙwabta sun ga gini na tashi, amma ban da sallama daga nesa ba su samu komai daga bakinsa ba.

Ita Muhsina abu ɗaya ke tayar da ita: ƙarar daka. Da ta ji taɓarya na sauka cikin turmi, ko daga ina ne, sai ta miƙe ta bi, shiru, ba ko takalmi. Inna ta ce uwarta take nema. A gidan hayarsu an taɓa tsamo ta daga gulbi, ruwa ya kai mata ƙirji, don matan tsallake na lugude. Sabon gidan kuwa ya ma fi kusa da gulbin.

Shi ya sa Naziru ya ɗauko wani Jamilu daga Sakkwato, mai haɗa wa gidaje na'urori. Jamilu ya ce a yanke shawara kafin a yi filasta, don bututun wayoyi cikin bango ake binne su. Ran nan da hantsi suka zagaya gidan, Jamilu da gawayi a hannu yana zana bango. Nan fitilar da za ta kunna kanta da magariba. Nan fanka. Can injin ruwa, tanki na cika ya tsaya. Sola a kan rufi, batura a ɗan ɗaki, kuma duk abin nan Naziru zai iya juya shi daga wayar aljihunsa. Inna na zaune kan tabarma a zaure, Muhsina na gefenta tana wasa da ƙasa.

Da suka iso ƙofa, Naziru ya ce, “Ga abin da na kira ka dominsa. Ina son ƙofa mai kulle kanta, ba mai buɗe ta sai ni.”

Inna ta ɗago. “Kai kaɗai? To Dija mai nono fa, ta ina za ta miƙo mani ƙwarya? In na faɗi a ɗaka, wa zai shigo ya tada ni?”

“Inna, abin da ya kashe mani ɗiya ta ƙofa ya shigo. Wanga gida ba abin da zai sake shiga sai na sani.”

Inna ta san a kansa buhunan duwatsun suka shigo, amma uwa ce, ta juya tana kakkaɓe wa Muhsina ƙasa.

Jamilu ya shafa ƙeya ya ce, “Alhaji, ana yi. Sai dai akwai abin da kai za ka zaɓa, ba ni ba. Ran da batir ya mutu, ko dai ƙofa ta tsaya a kulle, ko ta saki. In ta tsaya a kulle gobara ta tashi, suna ciki. In ta saki, yarinya ta fita.”



Jamilu ya ce akwai wata hanya: a sa wa yarinya ƙaramar munduwa a ƙafa, a binne na'ura a bakin ƙofa, tana tsallakawa wayar Naziru ta yi ƙara. Inna ta taso da kyar, ta dafa bango ta zo ta ga inda za a binne.

Ta ce, “Yaro, in ta yi ƙarar shi yana kasuwar Jega, mi za ya yi? Wayar za ta yi gudu ta kamo ta?”

“A'a, Inna, gudu kam ba ta yi.”

“Ni ma ba ni yi.”

Suna cikin haka Naziru ya waiwaya, sai ya ga tabarma ba kowa. Can nesa, daga tsallake, ana jin lugude. Bai ko sa takalmi ba ya zabura, Jamilu na binsa. Ya ratsa fadama, ya kai bakin gulbi, yana kiran sunan da ya san ba za a amsa ba. Masunta suka ce ba su ga yarinya ba. Ya dawo wandonsa duk laka.

A ƙofar gidan da ke jikin katangarsa ya tarar da maigidan, wani dattijo Makau, ya ce masa, “Kwantar da hankalinka, tana ciki, Innarka ma ta shiga.” Daga bayan zana ana jin daka, a hankali, ba gaggawa.

Matar Makau, Uwani, ta ɗaga murya daga ciki. “Ashe maƙwabci ya san hanyar gidanmu! Mun ɗauka sai da biza ake gaisawa da kai.”

Naziru ya sunkuyar da kai. “Baba Uwani, a yi mani aikin gafara. A ina kika same ta?”

“Ban same ta ba, kiranta na yi. Na hango ta ta nufi fadama, na yi magana ba ta juyo ba. Dama na lura, duk ran da kuka zo duba gini in ina surfe, sai in ga 'yan ƙafafunta ta ƙasan zana. Sai na jawo turmi, ba komai ciki, na yi ta bugu har kafaɗata ta gaji. Nawa ya fi na tsallake kusa, ta juyo.”

Naziru ya tsuguna nan a ƙasa, hawaye na zuba, bai ɓoye ba.

Da suka koma, Jamilu ya ce to ai sai a ɗauki ƙarar dakan a sa a lasifika cikin gida, tana tsallaka ƙofa ta kunna kanta. Inna ta girgiza kai. “Ba a yi wa marainiya haka. In ta bi daka, ta tarar da mutum.”

Da la'asar Naziru ya sake wanka, ya sa riga, ya je ya yi sallama da Makau yadda ya kamata tun farko. Ya roƙa a bar shi ya huda katanga, a ja waya zuwa madafin Uwani, a rataya ƙararrawa, Muhsina na tsallaka ƙofa ta yi ƙara. Makau ya ce ba shi ke da madafi ba, a tambayi mai shi. Uwani ta ce, “A rataya. Amma ba kullum nake gida ba, ina da biki, ina da gaisuwa. Ku ja wa Hawwa'u ta bayanku ita ma, turminta ya fi nawa amo.”

Jamilu ya goge zanen da ya yi na kulle, ya ja sabon layi da gawayi, ya bi bango har ya fita gidan. Ƙofa aka sa mata sakata irin ta kowa.

Ƙararrawar ta yi ƙara sau da yawa a shekarun da suka biyo, ba a sake tsamo Muhsina daga ruwa ba. Inna ta rasu a gidan, mata cike da ɗakinta. Jamilu ya koma Sakkwato da aikinsa. Naziru ya rage tafiye-tafiye, yana sallar magariba sahu ɗaya da Makau. Uwani ta tsufa, jikarta ke ɗaga mata taɓarya. Muhsina kuwa tana nan, ta zama budurwa, ba ta yi magana ba har yau, kuma mafi yawan yini a madafin Uwani take zama.