Ranar da Aku Ta Yi Shiru

Aku 'yan ajinsu suke kiranta, don ba ta taɓa barin zance ya faɗi ƙasa ba. Ita ce kuma Farfesa ya ɗanƙa wa rikoda, ya tura ta ɗauko hirar tsohuwar da ta sayar da tikiti a sinimar da aka rushe. Gidan tarihi zai ɗauki ɗalibin digiri na biyu guda ɗaya aiki, kuma wanda hirarsa ta fi fita tsaf shi zai samu gurbin.

"Baƙi muryarta za su zo saurare," in ji Farfesa. "Kin yi tambaya, ki kama bakinki. Ba 'to', ba 'ikon Allah'. Gyaɗa kai kawai."

Ta tarar da tsohuwar, Iya, zaune a bakin gado. Ta kashe fanka saboda ƙara, ta danna rikoda, ta yi tambaya. Iya ta fara, Aku tana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Can Iya ta tsaya cak.

"Ke! Kin mutu ne?"

Ashe idon Iya ya daɗe da tafiya, duk gyaɗa kan nan a banza. Aku ta tsayar da rikoda ta yi bayani.

"Ni ba na hira da bango," in ji Iya. "Farfesan naku shi matarsa haka take yi masa? Tattara ki tafi."

Aku tana ganin aikin yana ficewa ta taga. Sai ta yi wuf ta cafki hannun tsohuwar.

"Iya, matsa ɗaya 'to' ke nan. Matsa biyu 'ikon Allah'."

"In na ba ki dariya fa?"

"Zan daure."

Iya ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Za mu gani."

Aka sake dannawa. Iya ta ɗauko labarin ranar da fim ya ƙone ana tsakiyar kallo, mutane suka taso a mayar musu da kuɗinsu, manaja ya kulle kansa a banɗaki. Aku ta matsa hannun sau biyu. Ita kuwa Iya a ranar ta haye benci ta ce ta san ƙarshen fim ɗin, alhali ko farkonsa ba ta gani ba. Ta aurar da budurwar ga mugun, don ya fi iya sa kaya. Jarumin kuma ta tura shi rijiya saboda gashin bakinsa bai yi mata ba.

Aku ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta matsa, ta ƙara matsawa.

"Wayyo yatsuna! 'Yar nan za ki karya ni!"

Shi ke nan, Aku ta ce a ranta, na ɓata.

Washegari Farfesa ya sa abin sauraro a kunne, fuska ba annuri. Aku na tsaye tana murza gefen mayafi. Yana zuwa wajen rijiya ya fara tari. Yana zuwa wajen yatsu ya kifa kai a tebur yana dukansa.

Ya ɗago yana share ido. "Ban ji muryarki ko sau ɗaya ba. Amma me kika yi wa baiwar Allah?"

"Amsa mata nake yi, ranka ya daɗe."

"Ki fara aiki Litinin. Ki biya ki kai mata man zafi."

Aku ta fito baranda ta kwarara ihun da ta haɗiye tun jiya.