Ribar Gidan Labbo

Zulaihatu ta shimfiɗa takardun bankin a kan tabarma, ta danne su da dutse. Mahaifinta Labbo ya zauna nesa kaɗan, kamar mai tsoron takarda ta harbe shi.

Shekara ta biyu ke nan damina na yi wa garin Isa rowa. Da shanunsa suka fara faɗuwa, Labbo ya sayar da ragowar, ya gina ɗakunan haya huɗu, ya yi rufi da bashi. Biyan ya yi masa nauyi, sai ya jinginar da gidan ya ci sabon bashi, ya kashe tsohon. Yanzu biyan wata ya ragu, shekarun biya kuma suka ƙaru. Malamin bankin ya ce zai ga rara, shi kuwa Labbo tun ranar bai ji komai ba sai wannan kalma.

Ba kuɗin ne suka dame shi ba. Saige yake so, saniyar da ya gada wurin mahaifiyarsa, wadda yanzu take hannun Sodangi, wani dillali a Bafarawa. Kewarta ta hana shi sakat.

"Baffa, ɗaki huɗu ka lissafa," in ji Zulaihatu, "amma biyu ka biyan haya. Yero da Wada da ke sauran biyun fa?"

"Garkensu ya ƙare. Wanda ka ba aron saniya, ba ka zuwa tambaya sai ta haihu."

"Ɗaki ba shi haihuwa, Baffa."

Labbo ya yi kamar bai ji ba. Mutum ne da za ka iya raba shi da rigarsa, amma ba za ka sa shi ya ƙwanƙwasa ƙofar makiyayi yana neman kuɗi ba.

Ta cire na banki, ta cire na yaɓe da na gyaran kwano. Abin da ya rage dubu huɗu ne a wata.

"To, yaushe za ni maido Saige?" in ji Labbo.

"Shekara shida da 'yan watanni."

Saige ta riga ta ba shekara goma sha ɗaya baya, su biyun kuma sun san iyakar kwanan saniya. Tausayinsa ya kama Zulaihatu, ta fara naɗe takardun a hankali.

"Ɗiyata," ya ce, "kabu-kabu zuwa Bafarawa da dawowa, nawa na?"

"Dubu ɗaya."

Ya ƙirga ranakun kasuwar Bafarawa na wata a yatsunsa, guda huɗu, kowacce zai iya zuwa ya ga Saige.

"Ashe gidan na biya," ya ce, ya miƙa hannu ya jawo takalmansa.